Kafin a Raba Keken Ɗinki, a Fara Ƙirga Teloli

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton da ya ce rashin aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin 100 a watanni ukun farko na shekarar. Alƙaluman da aka saba ji kafin wannan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. A tsakanin lokutan biyu babu wanda ya ga an tayar da masaƙun Kakuri, ƙarar injuna ba ta dawo Sharaɗa da Bompai ba, wuta kuma tana nan yadda muka san ta. Watannin da aka auna ma su ne na canjin kuɗi, lokacin da mai tumatir a 'Yankaba yake kallon kayansa suna ruɓewa saboda babu takardar naira a hannun kowa. Shi ya sa da labarin ya fito jama'a suka yi ta jan tsaki, wasu suna cewa gwamnati ce ta sa aka rubuta mata abin da take so.

Ni ban ɗauka ƙarya hukumar ta yi ba. Ma'auni ta canza, kuma ta faɗa. A tsohon tsari, wanda ya yi aikin da bai kai awa 20 a mako ba ana jefa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya yi ko da awa ɗaya cikin kwana bakwai don neman kuɗi ko riba, mai aiki ne. Haka Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara, haka ake aunawa a Amurka da ƙasashe da dama, kuma da shi ne kaɗai za a iya jera Najeriya da sauran ƙasashe a kwatanta. Dakta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar shekara goma, ya fito fili ya nuna bai gamsu da ma'aunin awa ɗaya ba, kuma yana da hujja, domin abin da mutum zai samu a awa ɗaya a mako ba ya riƙe rai. Amma wannan gardamar ta masana ce. Abin da ya dame ni shi ne, ko da 33.3 aka bar mana ko 4.1, gwamnan da ke zaune a Kano ko Dutse ko Gusau ba zai iya yanke shawarar inda zai zuba naira ɗaya ba da wannan adadi. Adadin ba ya faɗa masa komai game da mutanensa.

Dalilin a bayyane yake. Kafin a kira mutum marar aiki a ƙididdiga, sai ya zama bai yi komai ba sam, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Wa ke iya zama haka a ƙasar da babu wata gwamnati da ke biyan marar aiki kuɗin abinci? Sai wanda ke da mai ciyar da shi: mai digirin da ya gama bautar ƙasa yana gidan mahaifinsa a Kabuga ko Unguwar Rimi, yana yawo da takardu. Talakan ƙauye ba shi da wannan gatan. In bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Zai tura kura, zai yi dako, zai yi ƙodago a gonar wani, zai sayar da rake gaɓa-gaɓa, kuma kowanne daga cikin waɗannan ya mai da shi mai aiki a takarda. Shi ya sa a rahotannin hukumar rashin aiki ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, ya kuma fi yawa a tsakanin masu ilimi mai zurfi fiye da waɗanda ba su shiga aji ba.

Duba abin da hakan ya haifar da aka raba alƙaluman 2023 jiha-jiha. Abiya ce kan gaba da kashi 18.7, Abuja na biye da 14.1, Nasarawa kuma ta zo ƙarshe da 0.5. Sakkwato tana can ƙasan jerin, cikin jihohin da rashin aiki bai dame su ba. Wannan Sakkwaton ce dai wadda rahoton talauci na hukumar na 2022 ya ce kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, fiye da kowace jiha. Rahoton ya ƙirga mutum miliyan 133 a faɗin ƙasa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. In aka tsallaka iyaka abin ya fi haka ban mamaki: a ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, rashin aikin yi a Jamhuriyar Nijar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasa da na Jamus nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Damagaram ya san ba wadata ce ta kawo haka ba. To yanzu a ce wani a Abuja ya zauna zai raba kuɗin samar da ayyuka bisa wannan jeri. Abiya da Abuja za su kwashi kaso mai tsoka, a ce wa Sakkwato ta gode Allah.

Hayaniyar 4.1 ta sa ba a kula da alƙaluman da suka fi amfani a cikin rahoton ba. Sama da kashi 92 cikin 100 na masu aiki suna yin sa ne ba rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Masu karɓar albashi ko lada daga wani wajen 12 ne kacal cikin 100; sauran kansu suke yi wa aiki ko suna taya iyali. Wannan shi ne hoton Arewa na gaskiya. Mutanenmu suna aiki, har ma fiye da ƙima, tun asuba har isha. Aikin ne ba ya biya, kuma ga mafi yawansu ba ya kai shekara. Tambayoyin da jiha ke buƙatar amsarsu ke nan: nawa mutum ke samu a mako, wata nawa yake samun aikin a shekara, ina yake tafiya in ya yanke, da me yake aikin, kuma me ya hana shi ninka abin da yake fitarwa. Binciken tarayya, da yawan gidajen da yake shiga, iyakarsa ya ba da hoton jiha a dunƙule. Ba zai iya bambanta Kura da Kunci ba, balle Fagge da Doguwa. Ga shi kuma yawan jama'ar da ake gina lissafin a kai hasashe ne daga ƙidayar 2006, tunda wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta.

Inda babu bayani, rabo daidai ake yi a kira shi adalci. Shirin ayyuka 774,000 da gwamnatin Buhari ta kawo a 2020 misali ne da kowa ke tunawa: mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, na wata uku. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Nasarawa ta cikin birnin Kano tana da mutum kusan 600,000, Tofa kuma ba ta kai 100,000 ba. Kowacce 1,000 aka ba ta. Ba a tambayi inda matasa suka fi cunkushewa ba, ba a tambayi watan da hannu ya fi zama ba aiki ba. An raba ne yadda kowane ɗan siyasa zai samu sunayen da zai rubuta, kuma rigimar da aka yi tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, da 'yan majalisa a kan wa zai zaɓi mutanen ta nuna inda hankali yake.

A jihohi abin ya zama al'ada mai lokacinta. A tara mata da matasa a filin wasa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da na taliya da kayan aski, a sa musu riguna masu hoton mai girma, a ɗauki hoto. Ban raina keken ɗinki ba. Gidaje da yawa da shi suke ci. Amma kafin a sayo 500 a kai unguwa, wa ya zagaya ya ƙirga telolin da ke cikinta? Wa ya tambaye su wata nawa suke samun ɗinki in an cire azumi da jajiberin babbar salla da lokacin bukukuwa? In unguwa tana da tela 40 da ke kukan rashin ciniki, aka ƙara mata 40, kuɗin ɗinkin da mutanen unguwar ke iya biya bai ƙaru da ko sisi ba. An dai raba shi gida 80. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga kayan tallafi a kasuwa bayan mako guda, an sayar da su rabin kuɗi. Mukan zagi wanda ya sayar, mu ce ba shi da zuciyar nema. Sau da yawa shi ne ya fi kowa fahimtar kasuwar.

Ba yau aka fara ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971 yake, Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa tun 1986, N-Power ta zo a 2016 ta ɗauki dubban ɗaruruwa, yanzu kuma ana maganar horar da mutum miliyan uku a fannin kwamfuta. Kowane shiri yana iya faɗa maka mutum nawa ya yaye. Wanda zai faɗa maka mutum nawa ne suke cin abinci da abin da aka koya musu bayan shekara ɗaya, shi ne ba ka cika samu ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Alhali wannan bincike ba shi da tsada. Duk wanda aka horar yana da lambar waya. A ɗauki ɗalibai kaɗan daga jami'a, a ba su kati, su kira bayan wata shida da bayan shekara: kana sana'ar? nawa kake samu? ina kayan da aka ba ka? A buga sakamakon kowa ya gani, cibiya-cibiya, sana'a-sana'a. Cibiyar da ɗalibanta suka samu abin yi a ƙara mata kuɗi, wadda ta yaye mutum 2,000 aka tarar da su a majalisar shayi a rufe ta ko a canza abin da take koyarwa. Ina zargin rashin yin haka ba mantuwa ba ce. Wanda ya samu kwangilar kawo kekuna ba ya son a yi wannan kiran.

In da ni za a tambaya abin da za a fara ƙirgawa, ci-rani zan ce. Babu abin da ya kai shi girma a kasuwar ƙwadagon Arewa, kuma babu abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Da an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, sai ƙauyukan Jigawa da Katsina da Sakkwato da Zamfara su fara zubar da majiya ƙarfinsu, haɗe da 'yan'uwansu daga Maraɗi da Tawa da Damagaram. Wasu su tsaya Kano ko Kaduna, wasu Abuja, wasu su miƙe har Sabon Ibadan, Agege, Idi-Araba, Fatakwal. Ga-ruwa, yankan farce, wankin takalmi, gadi, dako, acaɓa, haƙan rijiya, jari-bola. Hadari na fara haɗuwa su juyo gida da kuɗin taki da na iri da na suturar iyali. Wannan kuɗi shi ne jarin noman damina na gidaje masu yawan gaske, ya fi duk wani bashin banki isa hannun ƙaramin manomi. Amma je ka kowace sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi mutum nawa ke fita, ina suke zuwa, nawa suke turowa, za a dube ka ne kawai.

Rashin sanin yana da tsada. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa. Kowa ya san yawancin masu tuƙa baburan nan daga ina suke. Hukuncin da aka yanke a Alausa, mazaunin gwamnatin Legas, ya shiga tukunyar ƙauyukan da ke nesa da shi da kilomita dubu, kuma babu jihar da ta iya cewa ga yawan mutanenta da abin ya shafa, balle ta tanadi abin da za su dawo su tarar. Haka aka yi a Kano a Janairun 2013 da aka hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Matakin tsaro ne, kuma ana iya kare shi. Amma dubban mutanen da suka sauka daga babur, wasu sun hau Adaidaita Sahu, sauran fa? Yanzu kuma ga wani sabon salo: mutumin Zurmi ko Batsari ko Sabon Birni da ya fito ci-rani, damina ta faɗi bai koma ba, domin gonar tana hannun 'yan bindiga ko sai ya biya kafin ya shiga. A ƙididdiga yana nan cikin masu aiki, yana tura kura a Ɗorayi. A zahiri ƙasa ta yi asarar manomi, birni ya ƙara mai neman na yau.

Taswirar ci-rani, in an yi ta ƙauye-ƙauye, ita ce za ta nuna inda noman rani zai fi biya. Bambancin Kura da Kadawa da sauran garuruwan da ruwan Tiga ke ratsawa da ƙauyen da ke jiran sama shi ne yawan watannin aiki: a can ana tashi daga shinkafa a faɗa alkama ko tumatir ko albasa, har baƙi ake ɗauka ƙodago, a nan kuwa wata huɗu ko biyar ne sai zaman jira. Muna da madatsun ruwa, Tiga da Challawa da Bakolori da Goronyo da Zoɓe da Jibiya, kuma an daɗe ana kukan cewa wasunsu ba a cin moriyarsu yadda aka tsara. Naira biliyan ɗaya a gyaran magudanan ruwa a yankin da kusan duk matasansa ke ficewa da rani ta fi biliyan ɗaya a gadar sama, in dai samar da aiki ake nufi da gaske. Amma sai an san yankin. Kuma ko a inda ruwan yake, lokaci yana da hukunci. Kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, da aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda bai samu isasshen tumatir ba: tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar, ga manomi da ke kai kayansa kasuwa duk lokacin da farashinta ya fi na kamfani, ga kakar da ba ta wuce 'yan watanni. Ginin inji ba ya samar da aikin shekara in ba a lissafa hannayen da ke ciyar da shi da watannin da suke aiki ba.

Sai mata. Mai ɗaukar bayani ya zo ƙofar gida, ya ga an rubuta "ba shiga", ya yi sallama, maigida ya fito. "Baba, iyalinka suna wani aiki?" "A'a, ɗana, suna gida." Ya rubuta ya wuce. A cikin gidan nan kuwa uwargida tana matsar mai tana toya ƙuli-ƙuli, amarya tana ɗinkin hula, ana soya awara, ana dama fura, ana surfe, yarinya tana jiran a ɗora mata tire. Akwai adashi, akwai bashi, akwai dillaliya da ke shiga gida-gida da atamfa da kwanuka. Wani lokacin cinikin cikin gidan ya fi abin da maigidan ke shigowa da shi, kuma ba lallai ya san adadinsa ba, domin ba a faɗa masa. Jihar da ke son sanin wannan sai ta tura mata su shiga, su zauna a tabarma, su tambayi Hajiya me ta sayar a makon jiya, nawa ta sayi gyaɗa, wa ke kai mata niƙa, nawa take biya. Daga nan ne za a gane cewa mai ƙuli-ƙuli ba horo take buƙata ba, ta fi mai horarwar iyawa. Matsalarta tsadar gyaɗa bayan kaka da rashin jarin da za ta saya ta ajiye, da injin da ke nesa. A nan kuma za a ga abin da ke riƙe yara mata a talla maimakon aji, wanda hukumar ilimi ke ta yaƙi da shi da wa'azi alhali lissafin kuɗi ne. Haka matan da ke tsintar riɗi da zoɓo da hannu a rumbunan Dawanau kafin a loda su zuwa ƙasashen waje: kayan suna cikin alƙaluman fitar da kaya na ƙasa, hannayen da suka gyara su ba sa cikin lissafin kowa.

Ɗaya ɓangaren kasuwar, wato masu neman ma'aikata, shi ma ba a tambayarsa. Mai gini a Kano ko Abuja zai gaya maka in yana son a shimfiɗa masa tayil ko a yi masa silin na zamani ba karkace, sau da yawa mutanen Togo ko Kwatano yake nema, a garin da matasa ke zaune a bakin titi. Masu injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa suna buƙatar mai gyaran inji da mai haɗa wuta da mai walda na ƙwarai. Ga sola ta shiga ko'ina, a gida da masallaci da rijiyar burtsatse, kuma masu haɗa ta da kyau ba su kai masu lalata ta yawa ba. Fatar akuyar Sakkwato ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa a tura Italiya da Sifaniya, can a yanka a ɗinka a ci ribar, alhali ga masu takalmi a Ƙofar Wambai, ga cibiyar nazarin fata a Zariya. Wane hannu ne ya ɓace a tsakani: mai zane, mai yanka, mai ƙarasawa, ko inji ne babu? Zama ɗaya da masu majemu da masu takalman zai fitar da amsar. Inda aka gwada sauraron masu sana'a an ga alama: haɗin gwiwar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'ar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, inda ake gwada abin da yaro ya koya wurin ubangidansa a ba shi shaidar da hukuma ta yarda da ita. Mafi yawan masu sana'armu a gareji da shago suka koya, a Ƙofar Ruwa da Panteka da kasuwar waya ta Farm Centre, ba a aji ba. Wannan ita ce babbar makarantar koyon sana'a ta Arewa, kuma ba ta cikin kasafin kowace jiha.

Abin haushin shi ne bayanan da yawa suna nan a rubuce. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyar 'yan Kantin Kwari ta san shagunanta, ta Singa haka, ta Dawanau ta san layukanta da 'yan dakonta. Ƙungiyar direbobi ta san motar da ke tashi zuwa Legas kowace rana da watan da take cika. 'Yan Adaidaita suna da lamba, masu POS suna da rajista, teloli da makanikai da mahauta da masu burodi kowa da shugabansa da littafinsa. Mai unguwa da dagaci sun san gidan da ɗansa ya tafi da wanda ya dawo. Abin da babu shi ne mai tattara su wuri ɗaya da tsari ɗaya, ya tace, ya maimaita bayan wata shida don a ga abin da ya motsa. Kano tana da hukumar ƙididdiga, Kaduna tana da tata, wadda ta yi binciken gidaje da na noma ta buga. Ashe ana iyawa in an ga dama.

Akwai abin da zai iya rusa duk wannan, kuma ba na son a ɗauka ban gan shi ba. Bahaushe yana da dalilin gudun mai biro da takarda. A tarihinsa, in an ƙirga kai haraji ne ke biyo baya, in an ƙirga shanu jangali ne, har sai da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a jamhuriya ta biyu. Yau ma ɗan kasuwa in ka tambaye shi cinikinsa zai ce "sai godiya, ranka ya daɗe", ya raba gaskiyar gida huɗu ya ba ka ɗaya, don yana zaton gobe masu karɓar kuɗin shiga za su zo da takardarka. In kuma ya ji ƙishin-ƙishin tallafi ne, mahaucin unguwa zai zama tela, 'ya'yansa goma su zama ashirin. A matakin ƙasa ma haka muke: an soke ƙidayar 1962 aka sake a 1963, ta 1973 Murtala ya soke ta, duk saboda kowa ya san da adadin ake rabon kujeru da kuɗi. Don haka ƙirgar ƙwadago ba za ta yi gaskiya ba sai an raba ta da abu biyu, haraji da rabon kaya. Doka ta hana hukumar ƙididdigar jiha miƙa sunan kowa ga masu haraji ko ofishin jam'iyya, a faɗi haka a rediyo da masallatai har ya zauna, kuma ma'aikacin da ya zo tambaya kada ya zo da alƙawarin komai. Littafin ƙungiya ma sai an bi shi da gwaji, domin shugaban ƙungiya ɗan'adam ne, yana son a ce mutanensa suna da yawa.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, matsalar a fili take: a kawo wuta, a kawo tsaro, ayyuka za su zo da kansu. Gaskiya ne ƙididdiga ba ta kunna inji. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 da masaƙar UNTL da ta rufe a 2007 ba rashin alƙaluma ne ya kashe su ba. Wuta ce da baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa. Amma wutar ma ba za ta isa ko'ina rana ɗaya ba. In megawat kaɗan aka samu, layin da za a fara ba wa shi ne wanda ya fi riƙe ayyuka, kuma sai an ƙirga za a san ko rukunin masu walda da niƙa na wata unguwa ya fi wata masana'anta guda ɗaukar mutane. In bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano ya iso, in jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi ya fara tafiya, in tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 ta kankama, wa zai yi aikin? In ba a fara shirya masu waldar bututu da masu gyaran manyan injuna tun yanzu ba, za a kawo su daga wani wuri, 'ya'yanmu su samu gadi da share-share, sannan mu zauna muna cewa an yi mana wariya. Wani kuma zai ce ƙididdiga baya take kallo, tana nuna abin da ake yi ne, ba abin da za a iya yi ba. Wa ya hango masu POS shekara goma sha biyar da suka wuce? Wannan ma haka ne, kuma shi ne dalilin maimaita ƙirgar a kai a kai. Wanda ke zagayawa duk wata shida shi zai fara ganin sabuwar sana'a tana tsirowa, tun kafin ta cika ta batse a fara raba mata kayan tallafi.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, mai hedikwata a Kano, don jihohi bakwai: Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Tsorona kada ta bi hanyar da aka saba, kowace jiha kasonta, kowane sanata mazaɓarsa, a koma filin wasa da kekuna. Ɗan ci-rani bai san iyakar jiha ba. Mutumin Gumel yana aiki a Dawanau, na Ɗanbatta yana sayayya a Maigatari, shinkafar Argungu ana casar ta a Kano. Hukuma mai kallon jihohin bakwai a haɗe ita ce ta fi dacewa ta ɗauki nauyin bincike guda, da tambayoyi iri ɗaya, sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina ɗaya a tsakiyar rani, wanda zai sauka har matakin ƙaramar hukuma, NBS ta sa ido a kan inganci, jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su yi nazari. A buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, yadda uban da ke shawarar inda zai kai ɗansa koyon sana'a zai ji cewa ɗinki ya cika a garinsu amma ana neman mai gyaran famfon sola. Sannan majalisun jihohi su sa sharaɗi a kasafin kuɗi: duk ma'aikatar da ta nemi kuɗin horo ko na tallafin sana'a ta haɗo da takarda biyu, ɗaya mai nuna yawan masu wannan sana'ar a inda za a kai kayan da abin da suke samu, ɗaya mai nuna inda waɗanda aka bai wa na bara suke.